Benen asibiti ne ya kashe Sherlock, ko bakin mutane?

Ummu Haidar:
Salamu alaikum 'yan zaure. Gargaɗi tun kafin a ce na ɓata wa wani kallo: wanda bai kalli shirin talbijin na Sherlock zango na biyu kashi na uku ba, wato The Reichenbach Fall, ya wuce wannan saƙon, don yau ƙwai zan fasa. Jiya da daddare na gama shi. An ɗauke wuta, yara sun yi barci, ni kaɗai a falo da waya da abin sauraro a kunne. Wallahi da aka zo wurin da yarinyar nan ta ga Sherlock ta ƙwalla ƙara, sai da wayar ta suɓuce min ta faɗi kan tabarma. Na san kowa maganar tsallen da ya yi daga saman asibiti yake yi. Ni ba shi ne ya hana ni barci ba. Ihun yarinyar nan ne. Mutumin da ya ceto ta ita da ɗan'uwanta, ya shigo ɗaki ko gama gaisuwa bai yi ba, ta nuna shi tana kururuwa. Daga wannan minti ɗin kowa a ofishin 'yan sandan ya fara yi masa wani irin kallo. Ni a ganina a nan aka kashe shi, sauran duk jana'iza ce.

Bash Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam Anti. Barka da isowa, mu mun yi wannan jinyar tun tuni 😂 Amma ni fa har yau ina da ƙorafi. Ta yaya bos, wato Moriarty, zai sha wahala tun farkon zango, ya fasa wurare uku a rana ɗaya, ya ci kotu, ya ci 'yan jarida, sannan a ƙarshe ya harbe kansa? Wannan ai marubuta ne suka rasa yadda za su yi da shi.

Ummu Haidar:
Bash ka bari mu bi abin daki-daki mana, kai kullum daga ƙarshe kake farawa.

Malam Lakcara:
Hajiya Ummu Haidar kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Bari in ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da malamin makaranta.

An fara nuna wannan kashin a BBC One ranar 15 ga Janairu 2012, amma tushensa tsoho ne ƙwarai. Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙirƙiro Sherlock Holmes, ya gaji da shi, sai ya kashe shi a wani gajeren labari, The Final Problem, a Disamban 1893. A can, Holmes da Moriarty kokawa suka yi a bakin wani ruwa mai zubowa daga tsauni a Suwizalan, sunansa Reichenbach, aka ɗauka duk sun faɗa ciki. Masu karatu suka matsa, sai a 1903 ya dawo da shi da rai. Shekara goma ke nan.

To ku dubi abin da masu wannan shirin suka yi. Babu tsauni, babu ruwa sai a hoton zanen Turner da Sherlock ya gano a farkon kashin, wanda ya sa jaridu suka fara yayata shi. Faɗuwar da suka ba mu iri biyu ce: ta jiki daga bene, da ta mutunci daga idon jama'a. Kuma ta biyun aka fi ɓata wa lokaci. Ko sunan bogin da Moriarty ya ɗauka, Richard Brook, in ka juya shi zuwa Jamusanci Reichenbach ɗin ne dai, wato rafi mai arziki. Sherlock da kansa ya faɗi haka a saman benen. Asibitin kuma ba da ka aka zaɓe shi ba: a St Bartholomew's, wanda mutanen Landan ke kira Barts, nan ne Holmes da Watson suka fara haɗuwa a littafin farko na 1887. Inda abota ta fara, nan aka yanke ta.

Bash Ɗan Kurna:
Malam ya buɗe aji. A ɗauko biro.

Ɗan Damagaram:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Ni da fassarar Faransanci na kalla, akwai abin da ya wuce ni. Tuffar nan da Moriarty ya sassaƙa da wuƙa ya bari a kan kujera, haruffa uku, I da O da U. Me ke nan?

Malam Lakcara:
Wasa ne da lafazin Turanci, ɗan'uwa. In ka karanta haruffan a jere suna fita kamar jimlar da ke nufin "kana bi na bashi". Bashin da yake nufi kuwa shi ne faɗuwa. Ya faɗa masa baki da baki suna shan shayi. Ka lura daga baya haruffan sun sake fitowa a tagogin wani gini da ke kallon ofishin 'yan sanda.

Ɗan Damagaram:
Kai! To shayin nan ma ya tsaya min a rai. Mutumin da aka sallama daga kotu yanzun nan yana tahowa gidanka, ka san mugu ne, maimakon ka kulle ƙofa sai ka ɗora buta a wuta ka jera kofuna ka ɗauki goge kana kiɗa. Ko a nan wurinmu baƙo sai haka.

Ƙaramin Lauya:
Ku ba ni dama in ɓata wa Anti Ummu rai kaɗan. Kowa yana zagin Saje Donovan. Ni na ce aikinta ta yi. Ku ajiye son da kuke wa jarumi, ku zauna a kujerarta. An sace 'ya'yan jakadan Birtaniya a Amurka daga makarantar kwana. Wani mutum wanda ba ɗan sanda ba, ba ya karɓar albashin kowa, ya kankare ɗan abin da ya manne a sawun takalmi, ya shiga ɗakin gwaji, ya fito ya ce yaran suna tsohuwar masana'antar alawa a Addlestone. Aka je aka same su a can. Sannan yarinyar ta gan shi ta firgita. Idan ke ce mai bincike ba ki yi tambaya ba, ke ce ba ki san aiki ba. Duk mai hankali zai ce biri ya yi kama da mutum.

Ummu Haidar:
Lauya ban yarda ba. Tambaya daban, jiran rana daban. Ka koma kashi na farko na zango na ɗaya, tun 2010. Ranar da ta fara ganin John Watson, abokin Sherlock, ta ja shi gefe ta ce masa ya nisanci Sherlock, wata rana za a tsinci gawa kuma shi ne zai zama ya ajiye ta. Tun kafin a yi laifi ta yanke hukunci. Ihun yarinyar bai sa mata zargi ba, hujja ya ba ta kan abin da ta daɗe tana so ya zama gaskiya.

Ƙaramin Lauya:
Na ji. Amma me ya sa take son ya zama gaskiya? A wannan kashi na farkon da kike magana, a gaban jama'a ya tona mata asiri ita da abokin aikinta Anderson, cewa ta kwana a gidansa matarsa ba ta nan. Mutum ne da bai bar wa kowa mutunci ba. Ko a kotun ma, shaida aka kira shi ya bayar, ya koma yana karanta wa masu taya alƙali yanke hukunci sirrinsu ɗaya bayan ɗaya, har alƙali ya sa aka kulle shi don raina kotu. Baki shi ke yanka wuya. Moriarty bai ƙirƙiro masa maƙiya ba, tarar da su ya yi a jere suna jira.

Malam Lakcara:
To ai kun haɗu a wuri ɗaya ba ku sani ba.

Ummu Haidar:
Ba mu haɗu ba Malam. Shi yana cewa Sherlock ya ja wa kansa. Ni ina cewa rashin iya magana ba ya halatta a yi maka ƙazafin satar yara.

Hajiyar Adashe:
Ni ban cika magana a zauren nan ba, karatu nake yi in wuce, amma yau sai na ce wani abu. Shekarun baya ni ce uwar adashe a wurin aikinmu, mu goma sha huɗu. Wata ɗaya kuɗin mutum biyu bai cika ba, ashe wadda na aika ta karɓo ce ta riƙe. Kafin gaskiya ta fito, sati uku, babu wadda ta zo ta ce min ɓarauniya. Ko ɗaya. Abin da ya faru shi ne in na shigo ofis sai hira ta mutu. Wata da muke cin abinci kwano ɗaya ta fara janye jakarta kusa da ƙafarta in na zauna. Sabon mayafin da na saya tun kafin abin ya faru, sai na ga ana kallonsa ana kallon juna. Da aka gano mai laifi an ba ni haƙuri, amma har na bar wurin ban sake riƙe sisin kowa ba.

Shi ya sa wurin da ya fi ci min rai a kashin nan shi ne fuskar Sufeto Lestrade. Yana son Sherlock, ya san shi shekara da shekaru, amma ka ga lokacin da kokwanton ya shige shi, ya yi shiru yana kallon ƙasa. Sherlock ma ya faɗa masa, ya ɗora masa yatsa a goshi, cewa tunani in ya samu wurin zama a kai ba a iya kashe shi. Na san wannan kallon. An yi min shi.

Ummu Haidar:
Allah sarki Hajiya. Allah ya saka miki.

Zuwaira Nas:
Amin. Hajiya kin sa jikina ya yi sanyi.

Bash Ɗan Kurna:
Allah ya kiyaye gaba Hajiya. Amma ku bar ni in koma kan ƙorafina, don har yanzu ba a ba ni amsa ba. Na ɗaya, me ya sa ya kashe kansa. Na biyu, maganar Richard Brook. Wai ɗan wasan kwaikwayo ne mai ba yara tatsuniya a talbijin, Sherlock ya ɗauke shi haya ya fito a matsayin mugu. Haba! Ƙasa kamar Ingila, ba wanda zai ɗaga waya ya tambayi gidan talbijin ɗin ko sun taɓa ganinsa? 'Yar jarida ɗaya, Kitty Riley, ta ga 'yan takardu a fayil shi ke nan ta yarda?

Yaya Sadiq:
Bash ƙanena, na biyun ka fi kowa sanin amsarsa. Sau nawa ka turo mana labari a wannan zauren daga Facebook, muka ce ka bincika, ka ce ai kowa yana faɗa? 😄 Kitty ba gaskiya take nema ba. Ta tare shi a banɗakin kotu tana neman ya ba ta hira, ya wulaƙanta ta, ya ce mata tana ba shi ƙyama. Sai ga wani ya kawo mata labarin da zai ɗaga sunanta kuma ya rama mata. Wa zai tsaya bincike? Kuma ƙaryar ba tsura ba ce, an naɗe ta da gaskiya. Tarihin rayuwar Sherlock da ke cikin labarin duk sahihi ne, kuma daga bakin yayansa Mycroft ya fito, lokacin da suke tsare da Moriarty suna lallashinsa ya yi magana. Da ɗan gari akan ci gari.

Na farkon kuma, ka sake kallon saman benen a hankali. Maharba uku suna jiran John da Mrs Hudson, mai gidan da suke haya, da Lestrade. In ba su ga Sherlock ya faɗo ba za su harba. Sherlock ya gano cewa akwai wata kalma ko alama da Moriarty zai iya bayarwa a janye su, ya ce masa muddin kana hannuna ba sai na mutu ba. Moriarty ya dube shi ya yarda cewa lallai zai iya matsa masa har ya faɗa. To ƙofa ɗaya ta rage, kuma shi ne ƙofar. Sai ya rufe ta. Mummunan aiki ne, Allah ya tsare mu, amma a lissafin mutumin da tun farkon haɗuwarsu a benen yake kukan cewa rayuwa ta gundure shi, ba marubuta ne suka rasa mafita ba.

Bash Ɗan Kurna:
Maganar Facebook ɗin nan ba ta cikin muhawara Yaya 😂 Na karɓi rabi. Har yanzu ina ganin asara ce a kashe Andrew Scott, wanda ya fito a matsayin Moriarty. Duk shirin babu wanda yake tsorata ni kamarsa, yana magana a hankali kamar mai lallashin yaro sai kawai ya daka tsawa.

Malam Lakcara:
A wannan kam ba kai kaɗai ba ne. Ya ci kyautar BAFTA, ta fim da talbijin a Birtaniya, a 2012 saboda wannan rawar.

Zuwaira Nas:
Ni wurin tasi ne nawa. Sherlock ya shiga mota shi kaɗai yana so ya yi tunani, ɗan allon talla da ke bayan kujera ya kunna kansa, sai ga Moriarty yana ba da tatsuniya kamar mai gatanan gatananku, labarin wani barde mai cika baki wanda sauran barade suka fara shakkar jarumtarsa har suka kai ƙararsa wurin sarki. A daidai lokacin ana nuna Donovan tana kai wa Lestrade maganar. Sherlock ya sauka ya leƙa wurin direba, ashe Moriarty ne ke tuƙin, ya ce masa ya yafe kuɗin mota, ya ja ya tafi. Tun ranar in na shiga adaidaita da daddare sai na leƙa fuskar direba.

Sannan a matsayina na ma'aikaciyar jinya, abin da aka yi wa yaran nan ya fi komai muni. An kulle su da yunwa, an zube musu alawar cakulan, an shafa wa takardun zaiba, irin wadda masu wankin zinare ke aiki da ita. Yunwa na ƙaruwa, suna ƙara ci, guba na ƙara shiga. Mai laifin ba ya ma buƙatar kasancewa a wurin. Sherlock kuma da ya gano dabarar sai ya yaba mata, a gaban mutane. John ya sha gaya masa ya riƙa ɓoye murnarsa in ana maganar yara. Lauya, wannan na ba ka, maki ɗaya.

Ƙaramin Lauya:
Na karɓa da hannu biyu Anti Nas. Ƙarin bayani kan kotu ga masu tambaya ta bayan fage: a Ingila manyan laifuka mutum goma sha biyu ne daga cikin jama'a ke cewa mai laifi ne ko a'a, alƙali ya yanke hukunci bayan haka. Kotunanmu ba sa aiki da wannan tsari yanzu. Moriarty bai kawo shaida ko ɗaya ba, bai kare kansa ba, ya dai aika wa kowannensu barazana kan iyalinsa ta talbijin ɗin ɗakin otal. Haka ma fasa Hasumiyar Landan da Bankin Ingila da gidan yarin Pentonville: babu wani makullin kwamfuta mai buɗe kowace ƙofa, mutanen ciki ya saya. Sherlock ya tsaya neman amsa mai wuya alhali amsar cin hanci ce. Wannan wurin ya ba ni dariya, na ce da ɗan Najeriya aka tambaya da tun minti na goma ya faɗa.

Auta Fati:
Don Allah ni tambaya ɗaya: ya aka yi bai mutu ba?? Na ga jini, na ga John ya kama hannunsa. Sai kuma ga shi a maƙabarta a tsaye bayan bishiyoyi yana kallon John na kuka.

Bash Ɗan Kurna:
Ai a zango na uku an nuna cewa ƙwallon roba ya

Kawu Mai Zaure:
Bash! Na goge sauran. Doka ita ce doka, zango na biyu ake magana. Na gaba in ka sake, kwana uku a waje.

Bash Ɗan Kurna:
Tuba nake Kawu 🙏

Zuwaira Nas:
Auta, ba zan taɓa zango na uku ba, abin da ke cikin wannan kashin kawai zan nuna miki. Ki koma ki duba. Wa ya zaɓi wurin haɗuwar? Sherlock. Wa ya je wurin Molly da daddare ya ce yana buƙatarta, alhali aikinta a ɗakin ajiye gawa na wannan asibitin yake? Moriarty ya lissafa abokai uku, bai sa ta a ciki ba, don shi ma kamar kowa bai ɗauke ta a bakin komai ba. Wa ya dage wa John a waya cewa ya tsaya daidai inda yake, kada ya matso? Akwai ɗan gini tsakaninsa da inda aka faɗo. Sannan mai keke ya banke shi ya faɗi, kansa ya bugu. Likita ne, tsohon likitan soja ma, amma likitan da kansa ke juyawa, ana janye shi, daƙiƙa nawa ya samu ya taɓa jijiyar hannu? Ni da nake wannan aiki kullum, wani lokaci sai na nutsu sosai kafin in ji bugun.

Auta Fati:
Innalillahi. Wato John aka shirya wa wasan?

Malam Lakcara:
Ki ji daɗinki Auta, ke gobe za ki iya kunna na gaba. Waɗanda suka kalla a 2012 sai 1 ga Janairu 2014 suka samu ci gaba. Kusan shekara biyu mutane suna tsayar da hoto suna auna tsayin bene.

Ummu Haidar:
Wannan tambayar ta Auta ita ta dawo da ni inda na fara. Duk dabarar tsallen ba ta dame ni ba, ko da igiya ya sauka ko da fuka-fuki. Abin da ya dame ni wayar ƙarshen nan ce. Mutumin da bai taɓa yarda ya yi kuskure ko a kan tokar sigari ba, ya tsaya da bakinsa yana cewa ni maƙaryaci ne, ni na ƙirƙiri Moriarty, ka gaya wa kowa. Ya ɗauki ƙazafin da aka yi masa ya sa hannu a kai. John kuma ya ƙi karɓa. Kuma ku tuna maganar ƙarshe da John ya faɗa masa ido da ido kafin nan, da aka yi musu ƙaryar an harbi Mrs Hudson ya ƙi tashi: ya kira shi inji, ya fita cikin fushi. Da wannan zai zauna.

Hajiyar Adashe:
Mutum ɗaya da ya ƙi yarda. Ni a nawa sati ukun, mai shara ce. Kullum sai ta ajiye min tsintsiya ta gaishe ni da sunana kamar ba abin da ya faru.

Ƙaramin Lauya:
Anti Ummu, a kan John ba ni da ja. Har shugaban 'yan sanda ya nausa a hanci saboda shi, aka haɗa su ankwa ɗaya. A kan Donovan dai ina nan inda nake.

Yaya Sadiq:
Kafin a watse, akwai wanda ya lura da mai gyaran nan da ke aiki a gidansu? Mrs Hudson ta kawo masa shayi a kofi, ya karɓa yana murmushi, ta juya baya, aka nuna akwatin kayan aikinsa, bindiga a saman su guduma. Ni sai a kallo na biyu na gane shi ne aka ajiye mata.

Ummu Haidar:
Wayyo, ban gani ba! Wane minti ne?

Yaya Sadiq:
Dab da tsallen, lokacin da ake nuna maharban ɗaya bayan ɗaya.

Bash Ɗan Kurna:
To ni ma ga tawa, kuma Kawu wannan ba zango na uku ba ne. Jaridu sun buga cewa gwanin bogi ya kashe kansa. Madalla. Gawar Moriarty fa? Tana kwance a saman benen da bindiga a hannu. Duk kashin babu wanda ya hau ya duba. Malam, Lauya, Yaya Sadiq, ina jira.

Ummu Haidar:
An kawo wuta, bari in sa caji in koma wurin mai gyaran nan. Bash kada ka sake ka ba da amsar da kanka kafin in dawo.